Kafin yaro ya buɗe ƙamus

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce yaranki na ƙaramar sakandare da sun ci karo da baƙuwar kalma sai su tsaya cak, wasu su tsallake ta, wasu su jefo duk ma'anar da ta zo musu, kuma kina neman yadda za ki koya musu gano ma'ana daga abin da ke kewaye da kalmar. Na daɗe ina fama da wannan a aji, ga abin da na gani.

Da fari ce musu nake yi "ku duba jimlar". Bai yi aiki ba, domin yaro ɗan shekara 12 bai san me zai duba ba. Sai da na fara yin tunanina a fili a gabansu sannan abin ya kankama. Nakan ƙirƙiro kalmar da babu ita a harshen, in rubuta a allo: "Da ruwa ya ɓarke, sai ta buɗe dangur ta riƙe a saman kanta." Kowa zai ce lema ce. Daga nan aikin yake farawa, don ba na karɓar amsa sai da hujja. Wa ya gaya maka lema ce? Zo ka ja layi ƙarƙashin kalmar da ta faɗa maka. Ɗaya ya ja a "ruwa", ɗaya a "buɗe", wata ta ce ai hula ba a buɗe ta, kuma ba a riƙe ta. Kalmar ƙirƙira tana da amfani domin babu wanda ya riga wani saninta, mai ƙoƙari da mai rauni duk daga wuri ɗaya suke tashi.

Bayan haka nake nuna musu ƙananan kalmomin da ke ba da satar amsa. "Wato" fassara take kawowa, "kamar su" misalai, "amma" kuwa kishiya. Idan an ce "Yayansa marowaci ne, amma shi mai karamci ne", wanda ya san rowa ya kusa kama karamci. Su duba cikin kalmar ita kanta ma: wanda ya san buɗe da mabuɗi ba zai rasa mayanki ba.

Sai dai akwai abin da nake so ki riƙe sosai, don nan ne muke cutar yara ba da saninmu ba. Ba kowace jimla ce ke ba da ma'ana ba. Tun a 1983 Isabel Beck da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa wata jimlar tana shiryarwa, wata shiru take yi, wata ma ɓatar da mai karatu take yi. Na taɓa ba su wannan: "Malam ya kira shi gaban aji, kowa ya yi tsit, ya ce masa lallai kai haziƙi ne." Fiye da rabin ajin suka ce zagi ne, kuma ba laifinsu ba ne, tsit ɗin ne ya ja su. Sai da muka karanta jimla ta gaba, inda aka tafa masa, suka gyara da kansu. Tun ranar na sa dokar karanta jimla ɗaya a baya, ɗaya a gaba, sannan a cire baƙuwar kalmar a saka ma'anar da aka zata a ji ko ta zauna. Na kuma ba su damar cewa "jimlar ba ta isa ba". Wannan amsa ce da nake ba wa maki, domin yaron da ya gane iyakar hujjarsa ya fi wanda ya dace da sa'a. A nan ne ƙamus yake shigowa, ya tabbatar ko ya ƙaryata.

Ki kuma duba nauyin rubutun da kike ba su. Binciken Paul Nation da Marcella Hu na shekarar 2000 ya nuna mai koyon harshe yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. A shafi mai kalma 300, baƙi 6 ke nan kawai. Idan baƙin sun kai 30, da me yaron zai yi hasashe? Ki sauƙaƙa shafin, ko ki koyar da kalmomi masu wuya kai tsaye tun kafin karatu, musamman na kimiyya da lissafi.

Kada kuma ranki ya ɓaci idan sun gano kalma yau suka manta ta jibi. Swanborn da de Glopper sun tattara bincike da dama a 1999, suka samu cewa kusan 15 cikin 100 na baƙin kalmomi ne ɗalibi ke koya a karatu na yau da kullum. Kalma sai an yi ta haɗuwa da ita take zama. Ni minti 10 nake warewa sau uku a mako, kalma biyu ko uku kacal. Kowane yaro yana da shafi a bayan littafinsa mai gida huɗu: kalmar, hasashena, hujjata, abin da ƙamus ya ce. Bayan mako guda sai in dawo da kalmar cikin sabuwar jimla ba tare da sanarwa ba, in ga wa zai ɗaga hannu.