Me ya rage na tarihin kwal a Inugu?

Malam, ka ce za ka yi wata guda a Inugu, kana son sanin ko akwai sauran abin gani daga zamanin haƙar kwal. Akwai, amma sai ka nema.

Kwal ne ya haifi garin. An gano shi a yankin Udi a 1909, aka fara haƙa a 1915, a 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal. Turawa suka gina wa kansu unguwa mai itatuwa, leburori kuma aka jera musu ƙananan ɗakuna a Coal Camp. Fara da can. Yau 'yan kayan gyaran mota sun cika unguwar, amma in ka shiga lungu za ka ga tsofaffin ɗakunan, kwanon rufinsu ya yi ja da tsatsa.

Daga nan sai Iva Valley, tsohon wurin haƙar kwal a gefen garin, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 ranar 18 ga Nuwamba 1949, ana cikin rikicin albashi. Ni dai a ganina wurin ya fi ƙarfin irin kulawar da yake samu.

Kuskuren da baƙi ke yi shi ne leƙa tsofaffin ramuka don ɗaukar hoto. Kada ka kuskura. Ruwa ya cika wasu, katakon da ke tokare da rufi ya ruɓe, ga iska mai guba da ba ta da wari. Nemi ɗan gari ya raka ka, ka gaida dattawan unguwa kafin ka ɗaga waya. In bincike kake yi, je ofishin adana takardun tarihi na ƙasa da ke garin, ma'aikatansa su nuna maka fayilolin ma'adinai.