Lamu ta cancanci a je mata?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Lamu da ke gaɓar tekun Kenya ta kai a kashe kuɗin zuwa. Ta kai, wallahi. Tsohon garin Suwahili ne a kan tsibiri, ya haura shekara 700, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Fataken Larabawa da mulkin Oman sun bar sawunsu a gine-ginen.

Lungunan ƙanana ne, mota ba ta shiga, jakai ke dakon kaya. Ka tsaya ka kalli ƙofofin katako masu sassaƙa, aikin hannu ne na gaske. In da hali, daidaita tafiyarka da Maulidi, lokacin da masallacin Riyadha ke cika maƙil da baƙi. Mutanen garin Musulmi ne masu kunya, sai a kula da sutura.