Ɗana na son tara katunan 'yan wasan Yankees, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, cikin birnin New York. Ɗana mai shekara 11 ya kamu da son wasan besbol, kulob ɗinsa kuwa Yankees ne, tunda filinsu ba shi da nisa da gidanmu. Kullum sai ya matsa min in saya masa fakitin katunan 'yan wasa, amma in ya buɗe yawanci na wasu kulob ne. Wani abokin aikina kuma ya ce katunan nan jari ne, har akwai wanda aka sayar miliyoyin daloli. Yaya ake tara na kulob guda, kuma da gaske akwai kuɗi a ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaron, ya yi masa albarka.

Abin da kuke gani in an buɗe fakiti lissafi ne kawai. Kulob 30 ne a babbar gasar besbol, wato MLB, kuma 'yan wasansu duka ake cakuɗawa a zuba a fakiti. Cikin kati talatin da wuya ku samu na Yankees fiye da ɗaya ko biyu. Ga mai neman kulob guda, sayen fakiti rufaffe cinikin biri a sama ne. Waɗanda suka daɗe a harkar ɗai-ɗai suke saye, ko su sayi jerin kulob ɗin na shekara guda a dunƙule, wanda wani ya riga ya tsince ya haɗa.

Tun 2010 kamfanin Topps kaɗai ke da lasisin buga kati mai tambarin kulob, kuma kamfanin Fanatics ya sayi Topps ɗin a farkon 2022. Shi ya sa in ka ɗauki katin wani kamfanin, irin su Panini, za ka tarar an goge alamar NY daga hular ɗan wasan, abin da ke rage masa farin jini wurin masu tara katin kulob. Babban jerin Topps kashi uku yake fitowa a shekara: na farko wajen Fabrairu, na biyu wajen Yuni, sai na cike gurbi bayan damina, mai ɗauke da sabbin 'yan wasa da waɗanda suka sauya kulob a tsakiyar kakar wasa. Rabon Yankees a ciki 'yan gomomi ne, kuma galibinsu ko dala ɗaya ba su kai ba. A shafin eBay ko shagon kati na unguwa za ka samu jerin shekara guda da kuɗin fakiti biyu ko uku. Shafin Trading Card Database kuma yana da sunayen katunan kowace shekara da lambobinsu kyauta, sai yaro ya buga a takarda yana kashe wanda ya samu.

Kafin ku sake kashe ko sisi, ku zauna ku shata iyaka, domin nan ne yawancin mutane ke ɓata. Kulob ɗin nan yana New York tun 1903, ya ci kofin World Series sau 27, kuma babu mahalukin da zai iya tara duk katunansa. Aaron Judge, tauraron ɗan wasan kulob ɗin, shi kaɗai katunansa sun kai dubbai, saboda hoto ɗaya ake sake bugawa da launin zinare, da baƙi, da mai walƙiya, a rubuta wa wasu lamba don nuna ƙarancinsu, har da wanda guda ɗaya tak aka buga a duniya. Wanda ya bi wannan ba zai taɓa gamawa ba, da gangan kamfani ya tsara shi haka. Ni shawarata ita ce katin asali na Topps, shekara bayan shekara, daga shekarar da aka haifi yaron. In ya cika wannan, sai ya koma kan 'yan wasan 2009, waɗanda suka ci kofi a shekarar da aka buɗe sabon filin da ke kusa da ku: Derek Jeter, Mariano Rivera, Andy Pettitte, Jorge Posada, Hideki Matsui da sauransu.

Akwai kuma batun riga. Juan Soto kaka ɗaya ya buga wa Yankees, a 2024, ya tsallaka kulob ɗin Mets. Yawancin masu tarawa suna bin rigar da ke jikin ɗan wasa a katin, don haka Soto na 2024 ya shiga, na baya da na gaba ba ruwansu da shi. Ko wannan ƙa'idar ma tana da inda take cijewa, domin katin farko na Rivera, na jerin Bowman 1992, da kayan gida aka ɗauke shi hoto, ba rigar kulob ba hula. Ku bar yaron ya yanke wa kansa hukunci a irin waɗannan, rabin daɗin abin ke nan.

Sai maganar kuɗi. Abokin aikinka bai yi ƙarya ba. A Agustan 2022 an yi gwanjon katin Mickey Mantle na Topps 1952, mai lamba 311, a kan dala miliyan 12.6, kuma Mantle ɗan Yankees ne. Amma duba abin da ya haɗu a kansa. Katin yana cikin kashin ƙarshe na jerin shekarar, wanda ya fito a makare bai samu kasuwa ba, har Sy Berger, ma'aikacin Topps da ya tsara jerin, ya ba da labarin yadda daga baya aka loda ragowar a jirgin ruwa aka juye a teku. Waɗanda suka isa hannun yara kuwa tare da cingam aka sayar musu, suka yi ta wasa da su, suna ɗaure su da roba, iyaye mata suka share da dama zuwa bola. Samun guda da ya shekara 70 kamar jiya aka buga shi, shi ne abin da aka biya wa kuɗi.

Da mutane suka farga cewa tsofaffin katuna na tsada, sai kowa ya shiga ajiya. Fleer da Donruss suka shigo kasuwa a 1981, Upper Deck a 1989, aka yi ta buga kati ba ƙaƙƙautawa daga wajen 1987 zuwa 1994. Yau kwalayen wancan zamanin na nan jibge a gidaje, kusan ba su da daraja, don kowa yana da su kuma kowa ya adana. In wani ya tallata maka "tsofaffin katuna na 1990" da tsada, ka wuce abinka.

Katunan da ke riƙe daraja 'yan kaɗan ne, yawanci na shekarar farko ta babban ɗan wasa. Tun 2006 ana buga musu alamar RC. Na Judge shi ne Topps 2017 mai lamba 287. Jeter yana da da yawa a 1993: na Topps mai lamba 98 kowa zai iya saye, amma na jerin SP na kamfanin Upper Deck mai lamba 279 fuskarsa mai ƙyalli ce da ke saurin kojewa, don haka lafiyayyensa ke tsada ƙwarai. Kamfanoni irin su PSA da SGC da Beckett suna duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a roba. Abu huɗu suke kallo: ko hoton ya zauna a tsakiya, kusurwoyi, gefuna, da fuskar katin. Tsakanin maki 9 da 10 farashi kan ninka sau da yawa. Kuɗin dubawar kansa ya fi darajar kusan duk abin da yaro zai tara, don haka ba naku ba ne yanzu. In dai za ka sayi mai tsada, to ka sayi wanda aka riga aka duba, ka tabbatar da lambarsa a shafin kamfanin, domin jabun Mantle da na Babe Ruth, tsohon gwarzon Yankees, sun cika kasuwa. Farashi kuma kada ka bi abin da mai sayarwa ya rubuta, duba nawa aka sayar da irinsa a 'yan makonnin nan, eBay na nuna wannan.

Abu guda zan ja kunnenka a kai. Akwai masu buɗe kwalaye kai tsaye a gaban kyamara, kowa ya biya kuɗin kulob ɗaya, duk katin kulob ɗinsa da ya fito ya zama nasa. Gurbin Yankees na cikin mafi tsada, kuma sau da yawa mutum zai tashi da abin da bai kai rabin kuɗinsa ba. Ni ban ga bambancinsa da caca ba, kuma ba zan bar ɗan shekara 11 ya saba da shi ba. Fakiti ɗaya jefi-jefi don murna ba laifi, ragowar na wasu kulob ya yi musaya da abokansa masu son Mets ko Dodgers.

Ajiya ba ta da wuya. Ku sayi kundi mai shafukan leda, kowane shafi aljihu tara, ku tabbatar an rubuta babu PVC a jikinsa, don wannan robar na lalata kati a hankali. Wanda ya fi so, kamar Judge na 2017, a sa shi a siririyar leda tukuna, sannan a gidan roba mai tauri. A riƙe kati ta gefe, kada a ɗaure shi da roba, a nisanta shi da rana da danshi da kuma bututun ɗumama ɗaki na lokacin sanyi.