Wane inji zan fara saya don sana'ar wankin kafet?

Malam, ka ce jarinka kaɗan ne kuma kana so ka san abin da za ka fara saya. To ni dai shawarata ka zuba kuɗin a inji mai fesa ruwa ya kuma tsotse shi, irin Kärcher Puzzi, don wahalar aikin nan ba wankin ba ne, fitar da ruwan ne, kafet in ya kwana a jiƙe musamman da damina sai ya fara wari ya yi fumfuna, kwastoma kuwa ba zai sake kiranka ba. Sai injin zuƙe ƙura, buroshi, da fanka mai ƙarfi ta busarwa.

In na hannu za ka saya duba jikinsa, na Amurka yawanci 110V ne, wutarmu kuma 230V, kana jonawa zai ƙone. Je da mai gyaran lantarki ya gwada motar injin, ya faɗa maka girman janaretan da zai ɗauke shi, ka kuma tambaya ko ana samun kayan gyaransa a kasuwa.

Kar ka sa omo, kumfarsa na maƙalewa ta riƙa kama datti, bilic kuma cinye kala yake. Kowane sinadari fara gwada shi a lungun kafet tukuna.