Tagwayena: ɗaya na firgita, ɗaya ko a jikinta

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina da tagwaye mata 'yan shekara 9. Ranar hawan Sallah a ƙofar Lamiɗo, da aka harba bindiga dawakai suka taso, Hasana ta ƙanƙame ni jikinta na rawa, Usaina kuwa sai tafi take tana tsalle. Ko baƙo ya yi sallama, Hasana ɗaki take shigewa. Surukata ta ce a kai ta ruƙiyya. Ciki ɗaya, nono ɗaya, me ya raba su haka?
Maman tagwaye, Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Addu'a ba ta yawa, amma a abin da kika faɗa ban ga iska ba. Hali na gani, kuma masana sun daɗe suna bin sawunsa a ƙwaƙwalwa.

Can cikin ƙwaƙwalwa, ta gefen kowane kunne, akwai wani ɗan ƙulli da ake kira amigdala. Aikinsa na mai gadi ne: da an ji ƙara ko an ga baƙuwar fuska, shi ke fara tada jiki, zuciya ta buga, gumi ya keto, tun mutum bai yi tunani ba. Na wani ya fi na wani saurin tashi. Jerome Kagan na jami'ar Harvard a Amurka ya gwada jarirai 'yan wata 4 da sababbin abubuwa. Kusan ɗaya cikin biyar suka riƙa banƙarewa suna kuka, kuma cikinsu aka fi samun masu noƙewa daga baya. A 2003 Carl Schwartz da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗanda aka sani da noƙewa tun suna shekara 2. Sun zama samari da 'yan mata, amma amigdalarsu tana tashi da baƙuwar fuska fiye da ta sauran.

Abin da ya fi burge ni shi ne binciken Turhan Canli na 2002. An nuna wa mutane fuskokin tsoro, amigdalar kowa ta amsa. Da aka nuna fuskokin fara'a kuwa, ta masu son shiga jama'a ce ta fi amsawa. Wato Usaina ba rashin tsoro ke gare ta kawai ba, taron ne ke mata daɗi. Mutum 15 kacal aka gwada, don haka kada wani ya ce miki hoton ƙwaƙwalwa zai faɗi halin yarinya. Riƙe kuɗinki.

An ce hali zanen dutse, ni rabin maganar na yarda da ita. Binciken tagwaye ya nuna gado yana ɗaukar kusan rabin bambancin hali, sauran rayuwa ce. Sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi, mai lallashin amigdala, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20.

Daina kiran Hasana matsoraciya, kuma ki hana dangi auna ta da 'yar'uwarta a gabanta. Mu nan arewa muna yabon kunya ga 'ya mace, sai ta hana mu ganin wadda tsoro ke ci. Kada kuma ki ɓoye ta. Yau ta kai wa baƙo ruwa kina tsaye, gobe ki aike ta shagon bakin layi, in hawa ya zo ku tsaya nesa, ki gaya mata za a harba bindiga kafin a harba. In kuwa ta fara ƙin makaranta, ko barci da abinci sun gagare ta, ki kai ta ga likitan yara a asibiti.