Tambayoyinku: Shiru-shiru Hali Ne ko Ciwo?

Wasiƙu uku muka ɗauka a wannan fitowa, duka daga 'yan'uwa mazauna Saudiyya, kuma duka a kan mutumin da ba ya son yawan jama'a. Amsoshinsu kuwa sun sha bamban.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara 12, a nan Makka aka haife shi. Tun yana ƙarami ba shi da hayaniya. Idan Umrar azumi ko aikin Hajji ya zo, gida ya cika da 'yan'uwa daga Kano da Damagaram, sai ya gaishe su ya shige ɗaki, sai an yi da gaske yake fitowa. Yana da abokai biyu da suke ƙwallo tare, karatunsa lafiya lau, yana ci yana barci. Malaminsu ya ce "intiwa'i" ne, wato mai son kaɗaici da Larabci. Babansa na cewa miskilanci ne da girman kai, kakarsa kuma ta ce a kai shi ruƙiya. Ciwo ne ko me? — Wata uwa, Shari Mansur, Makka

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya shi. Yaron da ke da abokai, yake wasa, yake karatu, yake ci ya yi barci, bai yi mana kama da marar lafiya ba. Abin da kika siffanta hali ne, kuma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da saninsa. Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya yaɗa maganar a littafinsa na 1921, inda ya bambanta masu karkata ga abin da ke cikin ransu da masu karkata ga jama'a da abin da ke waje. Bincike daga baya ya nuna abin ba gida biyu ba ne: yawancin mutane a tsakiya suke, kaɗan ne suka matsa can gefe. Binciken tagwaye kuma ya nuna kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali gado ne. Ki duba danginki da na babansa, da wuya ki rasa kawu ko gwaggo mai irin halin.

Me ke faruwa a jikinsa? Hans Eysenck, masani a Landan, ya kawo bayani a 1967 cewa ƙwaƙwalwar mai shiru-shiru a farke take tun asali, don haka hayaniya kaɗan ta ishe ta, abin da ya wuce haka takura ne. Har gwaji aka yi da ruwan lemon tsami: a ɗiga a harshe a auna yawu, sai aka ga a jimlace masu shiru-shiru sun fi tara yawu. Masanan da suka biyo baya sun fi karkata ga wani bayanin, cewa masu faran-faran da jama'a ƙwaƙwalwarsu ta fi jin daɗin taro da sabuwar fuska, ta hanyar dofamin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da jin daɗi. Ko wanne aka ɗauka, abin da za ki gani a gida ɗaya ne. Jama'a a wurinsa kamar gahawar Larabawa ce: yana sha, yana jin daɗinta, amma daga finjali biyu ko uku sai ya girgiza finjalin, alamar ya ishe shi. Shigewa ɗaki ita ce girgizawar.

Kafin ki kwantar da hankali gaba ɗaya, ki ɗauki mako biyu kina lura. Idan baƙi sun zo, gajiya kike gani a fuskarsa ko tsoro? Mai gajiya yana gaisawa daidai, yana amsa tambaya, sai can ya fara hamma yana neman ƙofa. Mai tsoro tun kafin su iso yake ciwon ciki, murya na rawa, gumi na keto masa. Sai ki tambayi kanki ko halin tsoho ne ko sabo. Yaron da da yake da surutu ya koma shiru cikin 'yan makonni, ya daina ƙwallon da yake so, barci ko ci ya canza, wannan a binciki ciwon damuwa ko cin zali a makaranta, kada a ce hali ne. Idan yana yawan cewa "na'am?" ko yana ƙure sautin talabijin, a auna jinsa. Idan kuma tun yana ƙarami ba ya haɗa ido, ba ya gane wasa ko habaici, yana tayar da hankali in an canza masa tsari, a kai shi wurin likitan yara. Akwai kuma abin da ya shafi yaranmu na nan: yaron da Larabci ya fi zama a bakinsa yakan yi gum a gaban baƙin gida don gudun a yi wa Hausarsa dariya. Wannan maganinsa a daina dariyar.

In duk babu waɗannan, sai tsari. Gaisuwa ba a sassauta ta, domin ladabi ne, kuma mai shiru-shiru yana iya ta sarai. Zama ne ake auna masa. Ki gaya masa tun da safe su wa za su zo da lokacin zuwansu, kada ya dawo makaranta ya tarar da falo cike. Ku yi yarjejeniya: minti 15 zuwa 20 a majalisa, sannan ya nemi izini ya tashi, ba wanda zai kira shi baya. Ki ba shi aikin hannu, shi ne mai zuba gahawa, butar a hagu finjali a dama, ko mai zagayawa da dabino. Yaro mai aiki a hannu ba ya tsaye yana tunanin me zai ce, kuma baƙi yaba shi za su yi maimakon su yi ta tono shi da tambaya. Bayan wata guda a ƙara minti 10 in ya ɗauka. Idan ya dawo makaranta a bar shi kamar minti 45 shi kaɗai kafin aike ko bitar hadda. A kwanakin Hajji da ɗakinsa kan koma masaukin baƙi, a ware masa ko lungu ne da kowa ya san nasa ne.

Inda iyaye suka fi ɓata lamarin shi ne a gaban mutane. "Ai shi haka yake, ba ya magana," ko "dubi ƙaninka yadda yake haba-haba da kowa." Yaron da ya ji wannan sau da yawa sai ya fara sa wa kansa ido a cikin taro, daga nan gajiya ta rikiɗe ta zama tsoro, wanda da babu shi. Haka kuma amsa tambaya a madadinsa. Wata masaniyar ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka kai daƙiƙa uku amsoshin ɗalibai kan yi tsawo, waɗanda ba sa magana su fara. Ki gwada a gida, ki kuma roƙi malaminsa ya gwada.

Ga babansa kuma, a yi masa tuni cikin ladabi: mai girman kai zaɓen wanda zai kula yake, ya sake da manya ya share ƙanana. Wannan yaro kowa yake wa haka. Malamai ma ba su yanke hukunci ɗaya a kan kowa ba. Imam Gazali ya ware babi guda a littafinsa Ihya'u a kan keɓewa, ya jero amfaninta da amfanin cuɗanya, ya nuna abin ya danganta da mutum da halin da yake ciki. Addu'a da azkar kuwa ba sa ɓaci ga kowane yaro. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a zaunar da lafiyayyen yaro a ce masa yana da aljanu, balle a kai ga duka ko turnuƙe shi da hayaƙi.

TAMBAYA: Shekarata 24, ina aiki a shagon kayan waya. Ni ma ina ganin mai son kaɗaici ne. Idan mai saye ya tsaya a kaina zuciyata bugawa take, hannuna na rawa. Ba na ɗaga lambar da ban sani ba. A masallaci sahun baya nake tsayawa kada a ce in ja salla. Ina son zuwa istiraha, wato gidan shaƙatawa, da abokai daren Juma'a, amma in na shirya sai in fasa, in kwana ina jin haushin kaina. Tun ina sakandare nake haka. — Wani matashi, Jidda

AMSA: Ɗan'uwa, jimlarka ta kusa da ƙarshe ita ta raba gardama. Mai son kaɗaici idan ya fasa fita daɗi yake ji, ya kwanta da littafinsa ko wayarsa hankali kwance. Kai kana so, tsoro ke hana ka. Wannan ya fi kama da ciwon fargabar shiga mutane, wanda likitocin nan ke kira ruhab ijtima'i. Yakan fara ne a shekarun balaga, kuma ma'aunin likitoci shi ne ya kai wata shida yana hana mutum aiki ko hulɗa. Likita ne zai tabbatar bayan ya gan ka, amma yana da magani, kuma kiransa "halina ne" shi ke sa mutane su kwashe shekaru ba su nema ba.

Ka fara da kiran 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ko ka ga likita ta inshorar wurin aikinka. Ka nemi a auna maka sinadarin maƙoshi, gwajin TSH, domin idan ya yi yawan aiki yana kawo bugun zuciya da rawar hannu. Ka kuma ƙirga gahawa, shayi da lemon ƙarin kuzari da kake sha. Iyakar da ake ba babba lafiyayye ita ce miligiram 400 na kafeyin, sinadarin da ke cikinsu, a rana, mai fargaba kuwa ƙasa da haka ma yana tayar masa da ita.

Maganin da ya fi inganci shi ne zaman gyaran tunani da ɗabi'a da ƙwararre, CBT, yawanci zama 12 zuwa 16, mako-mako. Ƙashin bayansa shi ne tunkarar abin tsoro daki-daki. Ka rubuta abubuwa goma da kake gudu, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 100. Tambayar farashi a baƙala, wato shagon unguwa, wataƙila 20, ɗaga baƙuwar lamba 40, zaman awa ɗaya a istiraha 60, jan sallar Magariba ga mutum uku a gida 80. Ka fara daga na 20 ko 30, ka maimaita sau huɗu ko biyar a mako, sai makinsa ya sauka sosai ka hau na gaba. Wuri biyu ake faɗuwa. Na farko, gudu a daidai lokacin da tsoro ya kai ƙololuwa: sauƙin da za ka ji nan take shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya cece ka, gobe tsoron ya dawo da ƙarfi. Na biyu, zuwa da garkuwa, wato ka je taron amma kanka a sunkuye kan waya, ko ka haddace kowace jimla kafin ka furta. Ka je, amma ba ka gwada komai ba.

Idan likita ya rubuta maganin damuwa da fargaba na rukunin SSRI, yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida ko fiye kafin ka ga aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Kada ka karɓi ƙwayoyin Xanax, Lyrica ko tramadol daga hannun aboki. Suna kama jiki, kuma riƙe su ba da takardar likita ba laifi ne babba a ƙasar nan.

Wataƙila bayan ka warke ka tarar har yanzu ka fi son zama da mutum biyu a kan ashirin. Wannan ba saura ciwo ba ne.

TAMBAYA: Maigidana direba ne. In ya dawo sai sallama, wanka, abinci, shiru. Ba ya faɗa, ba ya rage mu da komai, amma hira sai na ja. Ko ya daina sona ne? — Wata matar aure, Madina

AMSA: 'Yar'uwa, ki tuna yadda yake tun farkon aure. In haka kika same shi, hali ne. Mutumin da ya wuni da fasinja da cunkoson hanya maganarsa ta ƙare kafin ya iso ƙofa. Ki bar masa minti 30 zuwa 45 na farko, kada ki tare shi da lissafin gida yana cire takalmi. Ku tsayar da lokaci sananne, misali bayan Isha da shayi, wayoyi a ajiye. Irinsu sun fi sakin baki a gefe da gefe, a mota ko a tafiyar ƙafa, fiye da a zaunar da su ido cikin ido. Tambaya ɗaya takamaimai, "wa ka ɗauka daga filin jirgi yau?", ta fi "ba ka da labari ne?" Ki kuma faɗa masa buƙatarki kai tsaye, domin ke ma hira haƙƙinki ce, kuma shiru-shiru ba ya ɗauke masa ita.

Amma idan shirun sabo ne, ki bincika bashi, matsalar iƙama (takardar izinin zama) ko ta kafili (mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar), ko ciwon damuwa, musamman in barci da ci sun canza sama da mako biyu. Idan kuma yana hira da kowa sai ke, kuma shirun bayan saɓani yake zuwa, wannan gaba ce, wadda shari'a ba ta yarda ta wuce kwana uku ba. Nan sai a sa babba daga danginsa ko naki ya zaunar da ku.