Amsar Malam kan usur ɗin layin tsakiya

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an yini lafiya, ya zafi. Malama, na saurari muryarki, na kuma kalli ɗan bidiyon da Alhaji ya turo. Kin ce a wasan ƙwallon raga yarinyarki, 'yar ƙungiyar da kike koyarwa, ta tashi ta doki ƙwallo, da ta sauko yatsun ƙafarta sun leƙa ƙarƙashin raga amma diddigenta na kan layin tsakiya, alƙali ya hura usur ya ba wa abokan karawarku maki ana 13 da 13 a zagayen ƙarshe, kina tambaya doka ce ko son kai. To ni na san abin da kike so. So kike in ce an zalunce ku. Ki yi haƙuri, ba zan faɗa ba, don ba a zalunce ku ba.

Rabin dokar kika riƙe, kuma rabin da kika riƙe daidai ne. Littafin hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, wanda da shi hukumar ƙwallon raga ta Kamaru, FECAVOLLEY, ke aiki, da shi kuma muke hura wasannin makarantu na FENASSCO, ya yarda ƙafa ta taɓa filin abokan karawa muddin wani sashe nata na kan layin ko yana saitinsa ta sama. In ƙafar ta tsallake gaba ɗaya, laifi ne, wannan kowa ya sani. Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Akwai sharaɗi: kada shigar ta hana abokin karawa wasansa. To ki koma ki kalli bidiyon, ki bar kallon ƙafar yarinyarki, ki kalli yarinyar da ta tashi tare ƙwallon. A kan me ta sauka? A kan ƙafar yarinyarki ta sauka, idon sawunta ya lanƙwashe, ta zube. Wannan shi ne shiga haƙƙin abokin wasa, ko da diddige na kan layi. Da ni ne a wurin, da na hura, kuma da ƙarfi.

Kin ga wannan layin, faɗinsa santimita 5 kacal, amma a duk filin nan mai mita 18 da 9 babu inda yara suka fi jin ciwo kamar gefensa. Targaɗen idon sawu shi ne raunin farat ɗaya da ya fi yawa a ƙwallon raga, kuma mafi yawansa a gindin raga yake faruwa, mutum ya sauko a kan ƙafar wani, ko ta abokin karawa ko ta ɗan uwansa da suka tashi tarewa tare. Wani likitan wasanni ɗan ƙasar Norwe, Roald Bahr, shi da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 1997. Sun wayar wa 'yan wasa kai, sun koya musu yadda ake tashi da yadda ake sauka, sun sa waɗanda suka taɓa targaɗe atisayen tsayuwa a kan katako mai lilo, sai yawan targaɗen ya ragu da kusan rabi. Rabi fa. Ba su sayi wani inji ba, koyarwa ce kawai. Saboda haka in yarinyarki tana tashi tana cilla jikinta gaba, ta sauka a gindin raga, gyaran a hannunki yake. Ki ja ta baya, ta fara gudu daga bayan layin mita 3, takun ƙarshe ya zama dogo, ta tashi sama tsaye. Mai ba ta ƙwallon ita ma ta daina manna shi da raga, don in an manna shi dole mai duka ta bi shi.

Abin da ya ɓata mini rai kuwa, tun daren jiya ake ta magana a gurup ɗin nan, wannan ya ce alƙali ɗan unguwarsu ne, wancan ya ce a rubuta takarda, ban ji mutum ɗaya ya tambayi lafiyar yarinyar da ta faɗi ba. 'Yar wani ce fa. A bidiyon ta tashi tana ɗingishi, ta koma ta tsaya a gurbinta, aka ci gaba da wasa. In kuna neman laifin alƙali, ga shi nan, a nan ya gaza. Doka ta ce in mummunan rauni ya faru ana cikin wasa, a tsayar nan take, mai ba da agaji ya shigo, sannan a sake buga wannan makin. A nan usur ya riga ya tashi, sai ya tsaya a duba ta. In ba za ta iya ba a canza ta. In canjin ƙa'ida, wato shida a kowane zagaye, ya ƙare ko bai yiwu ba, akwai canji na musamman saboda rauni, sai dai wadda aka fitar ta wannan hanya ba ta sake shigowa a wasan. In babu kowa a benci, a ba ta minti 3 ta farfaɗo, sau ɗaya a wasa, in ba ta iya ba ƙungiya ba ta cika ba, shi ke nan. Duk an rubuta. Babu inda aka ce a tafa wa yarinya a ce daure, saura maki ɗaya.

Kuma don Allah malamai, in yaro ya yi targaɗe a bar jan ƙafar nan. Da an faɗi sai ka ga wani ƙato ya taho da gudu ya kama ƙafa yana ja yana murɗawa, wai zai mayar da ita. Wa ya ce masa ta goce? A zaunar da yaro, a ɗaga ƙafar, a sa ƙanƙara a cikin tsumma, a ɗaure da bandeji ba tamau ba. Ƙanƙara ai ba ta gagara, masu sayar da ruwan sanyi na bakin ƙofar kowace makaranta. Ban da ruwan zafi, ban da man zafi a ranar farko. In yaro ya kasa taka ƙafar ko taku huɗu, ko ka taɓa ƙashin idon sawun ya yi ƙara, asibiti za a kai shi a ɗauki hoto kafin a yi zancen maɗori. Ni ba na raina maɗora, amma ba sa ganin cikin ƙashi. Sannan ƙafar da ta taɓa targaɗe ita ce ta fi saurin sakewa, musamman a watannin farko, don haka kada a dawo da yarinyar nan fili mako mai zuwa don ana buƙatar ta.

Alhaji, ka ce alƙalin yana sama, ta yaya ya ga ƙafa. Tambayarka ta fi ta kowa ma'ana. A ƙa'ida ba aikinsa ba ne na farko. Alƙalai biyu ne. Na ɗaya yana sama yana bin ƙwallo da hannaye da saman raga, na biyu yana ƙasa a ɗaya gefen, idonsa na kan raga da layin tsakiya, shi ke kula da canji da hutun daƙiƙa 30. Mu kuwa a wasannin makarantunmu sai a ɗora mutum ɗaya a kan tebur, shi ne na ɗaya, shi ne na biyu, shi ne mai duba layi, wani lokaci har maki shi ke riƙewa a ka. Yara sun gane babu mai kallon ƙafa, sai su saba da tsallakewa, ranar da aka samu mai ido ya hura sai a ce zalunci.

Teburin nan ma da na ambata, bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai. Shekarun baya an gayyace ni hura wasa a wata lise, wato makarantar sakandare, ba zan faɗi suna ba. Na isa da wuri na zaga fili. An ɗaure kowane ƙarfen raga da waya, an ja ta zuwa wani guntun rodi da aka kafa a ƙasa, kan rodin ya fito kamar tsawon yatsa, ya yi tsatsa, yashi ya ɗan rufe shi. Layukan fili kuwa da bulo aka yi su, an binne shi a tsaye, bakinsa a waje, wai don kada iska ta share. Bayan layin sabis, taku biyu, ga kwalbatin ruwa a buɗe. Wurin tsayawata kuma benci ne aka ɗora a kan tebur mai ƙafa ɗaya gajera, an cusa dutse. Na ce ba zan hura ba sai an gyara. Shugaban makarantar ya ja ni gefe, ya ce manyan baƙi na hanya, in rufa masa asiri. Na ce ranka ya daɗe, littafi ne ya hana. Littafin ya ce ƙarfe ya zama mai santsi, a kafa shi ba tare da waya ba, tsakaninsa da layin gefe rabin mita zuwa mita ɗaya. Ya ce a filin waje haramun ne a yi layi da abu mai tauri. Ya ce a bar aƙalla mita 3 fili fetal a kowane gefe. Ya kuma ɗora wa alƙali na ɗaya nauyin tabbatar da cewa fili da kaya sun dace, kafin wasa da lokacin wasa. Sai shugaban ya ce a nemo wani alƙalin. Aka nemo, aka buga, ina tsaye a inuwa. Ba a gama zagayen farko ba wani yaro ya bi ƙwallo da gudu idonsa na sama, waya ta harɗe shi, ya faɗi a kan rodin nan, ƙwaurinsa ya tsage, sai da aka yi masa ɗinki. Ni kuma aka daina kira na wannan makarantar, aka ce ina da taurin kai. Har yau in na wuce ta ƙofarsu sai na leƙa, kuma bulon nan yana nan. Toka fa ta isa yin layi, ko farar ƙasa. Tsohuwar katifa in aka yanka aka naɗe ƙarfen da ita, ta wadatar. Ba kuɗi ne ya hana ba, ba a dai ɗauki abin da muhimmanci ba ne. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, ana gobe wasa ake zaga fili.

Ga kuma rana. Littafin ya ce kada sanyi ya yi ƙasa da digiri 10, ka san waɗanda suka rubuta shi zauren wasa mai rufi suke tunani. Mu a Garwa da Marwa, Maris da Afrilu zafi na haura 40, a sa yara wasa ƙarfe ɗaya na rana a kan siminti, wasu da takalmin roba, wasu ma ƙafa ba takalmi, wani lokaci kuma har da azumi a bakin wasu. Alƙali na ɗaya yana da ikon yanke hukunci a kan abin da littafi bai ambata ba, to ya yi amfani da shi, ya ba da hutun shan ruwa, ko ya ce sai la'asar. Yaron da ya fara jiri, yana magana ba kan gado, a kai shi inuwa a kwarara masa ruwa, a nemi asibiti. Haka wanda ya bugu a ka ya tashi yana layi, ya gama wasa a ranar, ko ya yi rantsuwa ya warke.

Na yi nisa, bari in dawo. Akwai wanda ya rubuto cewa ai yanzu an halatta taɓa raga in ba saman ta ba. Ɗan uwa, wannan tsohuwar doka ce, an yi aiki da ita wasu shekaru, amma tun 2015 aka koma: in kana cikin buga ƙwallo ka taɓa raga tsakanin sandunan nan biyu na gefe, laifi ne. In ce dai, cikin buga ƙwallo, wato tun daga tashi har sauka. Wanda ke can gefe ba ruwansa da ƙwallon rigarsa ta gogi raga bai hana kowa wasa ba, wannan ba a hurawa. Kuma ni na ji daɗin komawar, don yaron da ke tsoron raga ba ya faɗawa ƙarƙashinta.

Sai maganar takardar ƙorafi. Malama, a bidiyon na ji muryarki kina kiran alƙali daga benci. Ba ki da wannan damar, kyaftin ɗin da ke cikin fili ce kaɗai za ta nemi bayani, in ba ta gamsu ba ta gaya masa a take cewa za ta rubuta ƙorafi a takardar maki bayan wasa. Ba ta yi ba, lokaci ya wuce. Ki koya mata, don wata rana za ku yi gaskiya. 'Yan matan ƙasar nan da suka ci kofin Afirka a 2017 a Yawunde, da 2019, da 2021, suka je gasar Olamfik ta Riyo a 2016, kowace da ƙafa biyu lafiyayyu ta kai can, kuma ina da yaƙinin a cikin yaranmu na arewa akwai irinsu in ba mu ɓata musu idon sawu tun suna aji uku ba.

Abu ɗaya na ga a bidiyon ban faɗa ba: biyu daga yaranki da awarwaro, ɗaya da zobe. Doka ta hana sa duk abin da zai iya ji wa mutum ciwo. Babu mai cewa su cire ɗankwali ko hijabi, amma allurar da ake maƙale shi da ita a cire, a sa irin wanda ake zurawa. Zobe in ƙwallo ya bugi yatsa ya kumbura, sai an yanka shi.

Laraba da yamma zan zo filinku in Allah ya yarda, bayan la'asar. Ki tara mini masu duka da masu tarewa, ki samo toka da tsintsiya, ki kuma zaɓo manyan ɗalibai biyu masu natsuwa in nuna musu aikin alƙali na biyu. Alhaji, kai da ka san malamin waɗancan, don Allah ka kira shi yau ka ji yadda ƙafar yarinyar take, in ba a ɗauki hoto ba a kai ta, ka sanar da mu a nan. Na gode, sai an jima.